CV ɗin da ke tsallake tankaɗen farko

Ranar da aka rufe karɓar takardun neman aiki, dosiyoyin da aka ajiye wurin maigadi ko sakatariya a kwali ake zuba su a kai ɗakin taro. Mutum biyu ko uku ne za su zauna a kansu, galibi mai kula da ma'aikata da shugaban sashen da ke neman mutum, kuma kowannensu ya baro aikinsa a biro yana jiransa. A gabansu akwai takarda mai gida-gida, jadawalin maki da suka ciro daga sanarwar da aka buga: diflom maki kaza, shekarun aiki maki kaza, harsuna, kwamfuta, sanin yankin da za a yi aikin. Zagayen farko tankaɗe ne. Ana neman dalilin ture takarda gefe don tarin ya ragu, sai abin da ya saura a rariya ne ake zama a karanta da natsuwa.

Saboda haka launi, zane da manyan kalmomi ba su ne ke fitar da CV, wato takardar tarihin karatu da aikin mai nema, daga cikin tsara ba. Abin da ke fitar da shi, mai dubawa ya samu amsar kowane gida na jadawalinsa ba tare da tono ba, kuma in ya samu ya yarda da ita.

Aikin daga sanarwa yake farawa. Ko a jaridar Le Sahel ka gan ta, ko a allon ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ko a shafin intanet na ReliefWeb, ko wani ya turo maka a WhatsApp, ka gurza ta a takarda ka ɗauki biro. Ja layi biyu ƙarƙashin duk abin da aka ce dole ne, layi ɗaya ƙarƙashin abin da aka ce ƙari ne, wanda suke rubutawa "atout" ko "souhaité". Masu layi biyun su ne gidajen da ke fitar da mutum tun kafin a ba shi maki. In an ce lisansi da shekara 3 na aiki, kai kuwa shekara ɗaya gare ka, ba adon da zai cike maka gurbin, gara ka adana kuɗin fotokopi. In kuwa kana da su, to su fito a rabin sama na shafin farko, kuma da kalmomin da sanarwar ta yi amfani da su. An rubuta "suivi-évaluation", wato bibiya da auna aiki, kai ma haka za ka rubuta, kada ka sauya shi da wata kalma ta fasaha. Mai cika jadawali da ido yake farautar kalmarsa.

Wannan na nufin CV guda ba zai yi wa kowace sanarwa ba. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka ajiye babban CV a kwamfuta ko a waya, mai ɗauke da duk abin da ka taɓa yi, ko shafi biyar ne, wanda ba ka aika wa kowa. Kowace sanarwa ta fito sai ka yanko mata nata daga ciki. Aikin minti talatin ne in uwar takardar tana nan.

Kan takarda, wurin suna, nan ne ake yin kuskuren da ba a zata. Mu a Nijar sunanka ne, da na mahaifi, wani lokaci da na kaka, kuma rubutunsu da boko ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mahamadou a takardar haihuwa, Mohamed a diflom, Mamane a CV. A gida duk mutum ɗaya ne, amma ga wanda ke gwada takardu mutum uku ne. Ka kwafi sunanka harafi da harafi, da jerinsa, yadda yake a diflom da katin ɗan ƙasa. In su kansu takardun sun saɓa wa juna, wannan gyara ne da ake nema wurin hukuma tun kafin sanarwa ta fito. Ke kuma da kika yi aure, in kin sa sunan maigida a CV alhali diflom ɗinki na ɗauke da sunan gidanku, to ki rubuta duka biyun a layi ɗaya, ko ki tsaya kan wanda ke takardun. Ranar haihuwa ma haka. Wanda aka yi wa takardar haihuwa ta kotu aka rubuta 1 ga Janairu, ita zai sa, ko da iyaye sun ce da damina aka haife shi.

Lambar waya biyu, ta kamfanoni daban-daban, ko Airtel da Moov, ko Zamani da Niger Telecom, don in rezo ɗaya ya faɗi a same ka a ɗaya. Sa +227 a gaba in ƙungiyar ta waje ce. Sakatariyar da aka ba sunaye goma ta kira ba za ta wuni kan lambarka ba, sau biyu ko uku ne ta wuce. Adireshin imel ya kasance sunanka ne kawai. Wanda aka buɗe tun ana kwaleji da laƙabin samartaka a bar wa abokai. A wurin zama unguwa da gari sun isa, kamar Lazare, Yamai. In aikin a Tawa yake kai kuma kana Yamai amma can ne gida, faɗa a fili cewa ɗan yankin ne kai kuma a shirye kake ka koma, domin abin da ke damun masu ɗauka shi ne wanda za a kai Cintabaraden ya yi wata biyu ya fara neman a maido shi babban birni. Ƙabila da addini ba su da wuri a CV. Hoto al'ada ce a nan, sai dai in an ce kada a sa. In za ka sa, irin na fasfo, fuska a fili, bango fari. Hoton da aka yanko daga na biki, ga kafaɗar aboki a gefe, ya fi rashin hoto muni.

Ƙarƙashin suna layi uku sun isa su faɗi ko kai wane ne a sana'a. Nan ne kusan kowa ke zuba "dynamique, rigoureux, capable de travailler sous pression", wato mai kuzari, mai tsantseni, mai iya aiki cikin matsi. Kalmomin nan sun sha hannu har sun sulɓe, ido ba ya tsayawa a kansu, kuma ba gidan da aka ware musu a jadawali. Yabon kai jahilci ne ko da Faransanci aka yi shi. Gwada wannan a madadinsu: ma'aikacin gona mai diflom ɗin IPDR, makarantar koyon aikin raya karkara ta Kollo, shekara 4 yana aiki da ƙungiyoyin manoman albasa a Madawa da Ƙonni, yana jin Hausa da Tamajak, yana da parmin babur. Layi biyu, an cike gida huɗu.

Zuciyar CV ita ce ayyukan da ka yi, kuma a nan ya kamata mafi yawan lokacinka ya tafi. Fara da na ƙarshe ka gangara baya. Kowane aiki ya zo da abu huɗu a layin farko: muƙami, ma'aikata, gari, da lokaci. Lokacin nan da wata ake rubuta shi. Wanda ya sa "2021-2023" ya bar mai dubawa cikin duhu, domin daga Disamba 2021 zuwa Janairu 2023 wata 14 ne, daga Janairu 2021 zuwa Disamba 2023 kuwa wata 36, kuma duka biyun haka za a rubuta su. In sanarwa ta ce shekara 3, mai lissafi ba zai yi maka kyauta ba, ƙaramin adadin zai ɗauka ko ya bar gidan fanko. Rubuta "Maris 2021 zuwa Oktoba 2023", ka ƙara "wata 32" a gefe in kana so ka hutar da shi. Kuma watannin su zo daidai da na atestasiyon da ka haɗa, don za a gwada.

Sai abin da ka yi a wurin. Mafi yawa kwafo takardar ayyukan muƙamin suke yi, irin su wayar da kan jama'a, rubuta rahoto, halartar taro. Wannan ya gaya mana abin da aka ce ka yi. Abin da ka yi ɗin fa? Duk wanda ya taɓa riƙe muƙamin haka zai rubuta, har wanda aka sallama saboda lalaci. Bambancin yana fitowa ne in ka sa adadi, wuri, da abin da ya biyo baya. Ɗauki layin "wayar da kan manoma". Da Faransanci za ka rubuta, amma ga ma'anar da ake so ta fito: na bi ƙauyuka 12 a gundumar Keita, na horar da manoma 300 haƙa ramukan tara ruwan sama na rabin-wata da tasa, an farfaɗo da eka 80 na faƙo cikin rani biyu. Adadin nan misali ne, naka za ka sa, na gaskiya. Akanta ya faɗi girman kasafin da ya riƙe, miliyan nawa na sefa, da manhajar da ya yi aiki da ita, Sage ce ko Tompro, da ko shi ke shirya takardun CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata, da na haraji, da ko masu binciken kuɗi sun zo sun tafi lafiya. Ma'aikaciyar lafiya ta faɗi CSI ɗin, wato cibiyar lafiyar, da ta zauna, awon ciki nawa take yi a wata, ko ita ke riƙe da firjin allurar rigakafi, ko ita ke haɗa rahoton wata. Direba ya faɗi ajin parminsa da shekarar da ya same shi, irin motocin da ya tuƙa, hanyoyin da ya sani. Wanda ya saba da hanyar Tawa zuwa Abalak zuwa Agadas, ya san yashi, ya san abin yi in taya ta nutse, yana da abin da direban cikin Yamai ba shi da shi, amma sai ya rubuta za a sani.

In ba ka tuna adadi ba, koma kan tsofaffin rahotanninka, ko ka kira wanda kuka yi aiki tare. Kada ka ƙirƙira. Ranar ganawa daga layukan nan ake ciro tambaya, kuma wanda ya ce ya horar da mutum 300 za a tambaye shi rukuni nawa, kwana nawa, wa ya biya kuɗin abinci. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Layi uku zuwa biyar sun isa ga aikin da ya yi kama da wanda kake nema, layi ɗaya ga wanda bai shafe shi ba.

Wanda ya fito jami'a kwanan nan, ko daga Abdu Mumuni ko daga Jibo Hamani ta Tawa, yakan ce ba shi da abin rubutawa. Yana da shi, raina shi yake yi. Sitaj, wato zaman koyon aiki a wata ma'aikata, aiki ne in an faɗi abin da aka yi a ciki. Bautar ƙasa aiki ce, kuma sau da yawa ɗan bautar ƙasa shi ke riƙe da rabin aikin ofis. Koyarwar kwantaragi, aikin ƙidaya na kwana ashirin da aka ba ka waya ka bi gida-gida da manhajar tattara bayanai ta KoboCollect, riƙe asusun ƙungiyar ɗalibai ko ta unguwa, duk suna shiga. Kundin kammala karatu ma yana shiga in batunsa ya taɓa aikin, amma kada ka tsaya kan take kawai. Faɗi inda ka yi binciken, mutum nawa ka tambaya, da me ka tantance bayanan. Sharaɗi ɗaya ne, a kira kowane abu da sunansa. Sitaj na wata uku da aka sa wa rigar "mataimakin shugaban furoje" atestasiyo ce za ta tona shi.

Akwai kuma giɓi, shekarun da ba a yi aikin ofis ba. A Adar wannan ba baƙon abu ba ne, samari da yawa sun yi shekara biyu ko uku a bida, Abijan ko Libiya ko Aljeriya. Wasu sukan share shekarun nan daga CV don kunya, sai a ga rami daga 2018 zuwa 2021 ba bayani, mai dubawa kuwa ya cike ramin da zatonsa. Ai wanda ya riƙe shago a Abijan ya sayi kaya, ya yi lissafi, ya bi bashi, wanda ya yi gini ya san awo da kayan aiki. Layi ɗaya ya wadatar: sana'ar, garin, watannin. Mace da ta tsaya don haihuwa da reno ita ma layi ɗaya, ba sai da neman afuwa ba, kuma in ta yi wata sana'a ko horo a tsakani ta sa.

Karatu ba ya son dogon zance. Diflom, fanni, makaranta, shekarar da aka samu. Mai lisansi ko masta ya tsayar da jerin a bak, ba wanda ke neman sartifika ta firamare wurinsa. Wanda bai kare kundinsa ba ya rubuta haka, kada ya ce yana da masta. Tarurrukan ƙara wa juna sani kuwa, waɗanda wasu ke jerawa har shafi guda, zaɓi uku ko huɗu da suka dace da sanarwar, kowanne da yawan kwanakinsa da wanda ya shirya.

Harsuna ne wurin da ƴan ƙasa ke zubar da makinsu da hannunsu. Sai ka ga an rubuta Faransanci da Ingilishi, an manta da Hausa da Zabarmanci, ko an cusa su a ƙarshe kamar abin kunya. Aikin da za a yi da jama'a, harshen jama'ar shi ne kayan aiki na farko. A Yamai da Tilaberi da Doso Zabarmanci na buɗe ƙofa, a arewacin jihar Tawa Tamajak da Fulatanci da Larabci suna iya raba gardama tsakanin mutum biyu masu diflom iri ɗaya. Tun 2025 ma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ka bambanta ji da rubutawa. Masu magana da Hausa da yawa ne, masu iya rubuta ta daidai, da ƙ da ɗ da ɓ a wurarensu, har su fassara saƙon rediyo ko takardar tambayoyi, ba su kai haka ba. In kana cikinsu, faɗa. Ingilishi kuwa a yi hattara. "Lu, écrit, parlé", wato ina karantawa, ina rubutawa, ina magana, da kowa ke sawa ba ya nuna mataki, kuma in ka ce ka iya, ana iya juya ganawar zuwa Ingilishi ba sallama. In rahoto kake iya karantawa amma baki ba ya tashi, rubuta hakan. Kwamfuta ma haka take. "Na iya kwamfuta" ba magana ba ce, ambaci manhajar da abin da kake yi da ita, misali Excel har da haɗa jadawalin taƙaita bayanai, ko QGIS don zana taswira.

Game da siffa, shafi ɗaya ga sabon shiga, biyu ga wanda ya daɗe. Ƙwararrun da ke neman aikin bincike na furoje ne kawai ake yi wa uzurin wuce haka. Takarda A4, rubutu Arial ko Calibri mai girman 11, gefe kamar santimita 2, baƙi a kan fari. Ka tuna CV ɗinka fotokopi za a yi masa a raba wa ƴan kwamiti, kuma shuɗin bango mai farin rubutu da ya yi kyau a waya baƙin dabbare yake fitowa daga injin da tawadarsa ta kusa ƙarewa. Sandunan nan da taurari da ake zanawa don nuna ƙwarewa, huɗu cikin biyar, ba wanda ya san da mudun da aka auna su.

Manyan ƙungiyoyin waje da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ta shafinsu na intanet ake nema, kuma a can manhaja ce ke fara karɓar takardar ta zuba bayanan a gidaje. Irin wannan manhaja tana rikicewa da rubutu mai ginshiƙi biyu, da akwatuna, da abin da aka sa cikin hoto. CV ɗin da aka gurza aka sake ɗauka da sikana ko da kyamarar waya hoto ne, sau da yawa ba a iya tsintar kalma a cikinsa. Daga Word kai tsaye za ka mayar da shi PDF. Ga gwaji mai sauƙi: buɗe PDF ɗin, kwafe rubutun duka, manna shi a saƙon WhatsApp da za ka tura wa kanka. In ya fito a jere ana karantawa, lafiya. In shekaru sun rabu da ayyukansu, gyara. Kuma in shafin ya ce ka cike gidaje, ko ya ba ka fom irin P11, cike duka. Rubuta "duba CV" a gida daidai yake da barinsa fanko.

Masu zuwa siber a buga musu su buɗe ido. Mai bugawa kan tsohon CV ɗin wani yake ɗora naka don sauri, kuma abin da ke biyo baya sananne ne: lambar wayar mai takardar farko ta maƙale a ƙasan shafi, ko namiji ya fito da "née le", wadda ake rubuta wa mace a gaban ranar haihuwa, ko a bar masa sha'awar wasan da bai taɓa yi ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Karanta kowane layi a allon kafin a gurza, karɓi fayil ɗin Word a kile ko a imel ɗinka, ka sa a goge na kwamfutarsu. Kuskuren rubutun Faransanci kuwa idonka ba zai gan shi ba bayan karatu na uku, kai wa wani malami ya bi da jan biro.

Mutanen da za a tambaya game da kai su zama uku, waɗanda suka shugabance ka a aiki ko suka duba kundinka. Kawu ko babban mutumin unguwa, komai girmansa, bai ga aikinka ba. Nemi izininsu tukuna, ka tura musu sanarwar da CV ɗin, ka tabbatar lambarsu na aiki. Ba abin da ke kashe dosiye kamar a kira mutum ya ce, "Wa? Tuna mini dai."

CV ba ya tafiya shi kaɗai. Sanarwa takan nemi wasiƙar neman aiki, kofen diflom da atestasiyo da aka yi wa legalize, takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, katin ANPE, da kaziye, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum, wanda bai wuce wata uku ba. Takarda ɗaya ta ɓace, ana iya ture dosiyen ba a ko buɗe CV ɗin ba. Kaziye a al'ada daga kotun yankin da aka haife ka ake ciro shi, don haka haifaffen Buza ko Illela da ke zaune a Yamai kada ya jira saura kwana biyu. Duba ranar katin ANPE ɗinka ma, yana ƙarewa. Jera takardun yadda sanarwar ta jera su.

In ta imel ne, sunan fayil ya ɗauki sunanka da muƙamin, kada ya tafi da "CV sabo na ƙarshe 2". Nauyinsa kada ya wuce mega ɗaya ko biyu, in an ce a haɗa komai a fayil guda a haɗa. Kan saƙon ka kwafi lambar sanarwar daidai yadda aka ba da ita, domin da ita ake rarraba saƙonni. Aika kwana ɗaya ko biyu kafin wa'adi, wutar lantarki da rezo ba su san ranar rufewa ba. In kuma hannu da hannu ne, ambulan babba wadda A4 ke shiga ba naɗi, a liƙe, a rubuta muƙamin a bayanta yadda aka umarta. A ƙofa ka nemi rajistar da ake rubuta masu ajiya, ka ga an sa sunanka da ranar, ka sa hannu, sannan ka ɗauki hoton layin da wayarka kafin ka juya.